Mun Ƙetare Gada Zuwa Zazzau

Saƙon Gwaggo gajere ne: in kawo mata jikarta tun idonta na gani. Ƙanwar mahaifina ce, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. A Wusasa aka haife su, a coci ɗaya aka yi musu baftisma, daga baya ita ta auri Bazazzagi ta musulunta tun ban zo duniya ba. Mahaifina bai taɓa barin Sallah ta wuce bai je ya gaishe ta ba. Bayan rasuwarsa ni na yi sake, har 'yata ta kai shekara 11 ba ta taɓa taka zauren gidan ba.

Ranar Asabar da sassafe muka baro Sabon Tasha, hazo ya rufe gari. Muna kan gadar kogin Kaduna yarinyar ta kama hannuna, ta rage murya don kada mai a-daidaita-sahu ya ji.

"Baba, nan ne wajen Musulmi ya fara? Za su bar mu mu dawo?"

Na ce mata za mu dawo lafiya, amma gabana ya faɗi. Ba ni na koya mata wannan tsoron ba, mahaifiyarta ma haka. A gari ta tsince shi. Ni a Tudun Wada na tashi, a gidan haya mai ɗaki goma, inda shinkafar Kirsimeti da naman layya ke zagaya ƙofa-ƙofa. Rikicin Fabrairun 2000 ne ya tashe mu, na Nuwamban 2002 ya kwashe sauran da suka daure. Kiristoci suka gangara kudu da kogi, Musulmi suka haura arewa, aka sayar da gidaje da arha, wasu aka yi musaya. Abin da ba na mantawa shi ne keken ɗinkin mahaifiyata. Mako uku bayan mun gudu, maƙwabcinmu, wani tela Musulmi, ya ɗoro shi a kura ya turo har bakin wannan gadar, ya aiko a kira ta. Da keken nan ta biya mana kuɗin makaranta. 'Yata ta san keken, yana nan a ɗaki. Irin mutumin da ya turo shi ne ba ta taɓa zama da shi ba.

A tashar Kawo muka shiga motar Zariya. Rigachikun, Mararrabar Jos, Birnin Yero, Jaji, tafiyar kilomita kusan 80, gonaki duk an girbe sai karan dawa a tsaye. Wata hajiya da ke kusa da mu ta miƙa wa yarinyar dabino. Sai da ta dube ni kafin ta karɓa.

Kafin mu shiga birni na ce mu sauka a Wusasa, ta ga kabarin kakanta. Dutsen Kufena na tsaye a bayan gari kamar yadda na bar shi. Duk wanda yake zaton Bahaushe da Kirista ba sa haɗuwa a jiki ɗaya, to ya zo nan. Likita Walter Miller, ɗan mishan, ya zauna a cikin birnin Zazzau tun 1905, a 1929 mishan ta koma Wusasa, aka gina cocin Saint Bartholomew da ƙasa, ginin magina Hausawa, bango mai kauri, ciki da sanyi kamar soron sarki. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Daga wannan ɗan gari aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Nan Farfesa Ishaya Audu ya yi karatu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Na jera wa 'yata sunayen, amma hankalinta na kan 'yan zumuntar mata da ke gwajin waƙa a gefe, suna buga tulu, ga wata mai goyo da hijabi ta tsaya a bakin hanya tana amsa gaisuwarsu ɗaya bayan ɗaya.

A inuwar cocin muka tarar da wani dattijo, abokin mahaifina, da hula da babbar riga. Na durƙusa na gaishe shi. Da na ba shi labarin tambayar da aka yi mini a kan gada, ya daɗe bai ce komai ba.

"Ɗana, mu ma mun ga wuta," in ji shi. "A 1987, da rikicin Kafanchan ya iso nan, an ƙone coci-coci a Zariya, da idona na gani. Amma washegari wa zan saya wa gero? Wa zai zo mini jana'iza? Rabin dangina salla suke yi. Ku a Kaduna kun sami kogi kun ɓuya a bayansa. Mu ba mu da kogi, dole muka koma muna gaisawa."

Na tambaye shi ko yana ganin za a gyaru. Ya ce kullum a sujadar safe yana roƙon Ubangiji abu biyu: kada a sake zubar da jini da sunan Allah, kuma jikokinsa su san ɗakin girkin maƙwabtansu. Ya kawo zancen Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa, waɗanda suka yi gaba da juna a wani rikici na 1992, fasto ya rasa hannu, liman ya rasa malaminsa da 'yan'uwa, amma a 1995 suka haɗu suka kafa cibiyar sasanci a Kaduna. "In mai hannu ɗaya ya iya miƙa wanda ya rage," ya ce, "kai mai biyu me ya hana ka kai yarinya gidan gwaggonka?"

Maganar ta shige ni, domin gaskiya ce. Mu Kiristoci muna yawan addu'ar zaman lafiya, kuma da zuciya ɗaya muke yi. An umarce mu da ƙaunar maƙwabci, muna kuma so a bar mu mu yi sujada ba fargaba, a ba mu filin gina coci, 'ya'yanmu su nemi aiki ba a dubi sunansu ba. Waɗannan buƙatu na gaske ne, ba zan rage musu nauyi ba. Sai dai na lura taron haɗin kai da ake yi a manyan otal ba ya isowa inda 'yata take. Shugabanni su rungumi juna a ɗauki hoto, yara kuwa suna tashi a unguwa mai addini ɗaya, makaranta mai addini ɗaya, rijiya ɗaya ma ba su haɗa ba.

Bayan azahar muka shiga cikin ganuwa. Lungu ya yi lungu har muka kai zauren. Na yi sallama, yara suka ruga ciki suna cewa baƙin Kaduna sun iso. Gwaggo na zaune a kan tabarma, carbi a hannu, ta tsufa fiye da yadda na zata. Ba ta ko dube ni ba.

"Wannan ce kishiyar tawa? Matso in gan ki. Ai kuwa goshin yayana ne sak!"

Ta jawo ta jikinta tana shafa mata kai tana kuka. Sannan ta juyo kaina ta yi mini faɗan da na cancanta, na sunkuyar da kai ina ba da haƙuri. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Da za mu ci, 'yata ta rufe ido ta yi addu'a kamar yadda ta saba, Gwaggo ta ɗaga wa jikokinta hannu su yi shiru har ta gama, ta ce amin tare da mu. Da aka kira la'asar, yarinyar ce ta ɗauko mata buta ba wanda ya sa ta.

Na so mu juya kafin magariba, domin hanya ba ta son dare. Na leƙa tsakar gida in kira ta, na tarar an zaunar da ita ana zana mata lalle, ita da wata sa'arta suna gardama kan wace makaranta ta fi wuyar lissafi. Gwaggo ta ce lalle bai kama ba, ba inda za a je. Ta ce gobe Lahadi ɗanta zai kai mu coci a Wusasa da babur, ya jira mu a waje, in an tashi mu wuce tasha.

Na kira mahaifiyar yarinyar na gaya mata sai gobe. Ta yi shiru, sannan ta ce in tambayi Gwaggo yara nawa za ta turo mana da Kirsimeti, don ta san mudun shinkafar da za ta auna.