Daga Lambu Zuwa Ƙwallon Lambu

Akwai ilmin da ake ɗauka daga takarda, akwai kuma wanda ba ya zama sai a gaɓoɓin jiki. Mu mutanen jami'a mun fi sabawa da na farkon, har wasunmu kan ɗauka cewa duk abin da aka karanta an iya shi. Wasan ƙwallon lambu, watau golf, yana cikin abubuwan da ke ƙaryata wannan zato, shi ya sa na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu abin da na gani a cikinsa.

Ga wanda bai san wasan ba, bayaninsa gajere ne. Ƙwallo ce 'yar ƙarama wadda nauyinta bai kai giram 46 ba, ana bugunta da sanda har ta faɗa wani rami mai faɗin milimita 108. Ramukan 18 ne, kuma wanda ya gama su da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. A ƙasar Sikotilan wasan ya girma, har a 1457 sarkinsu ya hana shi don yana ɗauke wa samari hankali daga koyon harbin baka. Turawan mulki ne suka kawo shi Kano, ga filinsa nan a Bompai, inda wani abokin karatuna ya fara kai ni.

Ni kuwa mutumin Madobi ne, maƙwabcin Kura. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya bi magudanai ya iso Kadawa da kewayenta, noman rani ya zama sana'ar wannan yanki: shinkafa, alkama, tumatir da albasa. Yaron da ya tashi a nan ya san fartanya kafin ya san alƙalami. Saboda haka ƙarfin dantse ba shi ne abin da na rasa ba ranar da na fara riƙe sandar golf.

To, amma ƙwallon lambu ba ta san dantse ba. Galibin masu koyo, musamman ƙarfafa, ciwonsu ɗaya ne: su buga, ƙwallo ta tashi kamar abin kirki, kana ta lanƙwasa ta yi dama ta faɗa cikin itatuwa. Dalili kuwa shi ne fuskar sanda takan iso ƙwallo a buɗe, alhali sandar tana yanko hanya daga waje zuwa ciki, sai ƙwallon ta tafi tana juyi a karkace. Wannan bayani yana cikin kowane littafin wasan. Sai dai saukowar sanda daga sama ba ta kai rabin daƙiƙa ba, babu sararin da mutum zai tuna abin da ya karanta a shafi kaza. Abin da jiki ya saba shi zai aikata.

A nan ne malami ya zama dole. Nawa malamin bai gama firamare ba. Tun yana yaro yake ɗaukar wa masu wasa jakar sanduna, ya shekara da shekaru yana kallon bugun mutane har idonsa ya goge. Ranar farko bai bar ni na taɓa ƙwallo ba. Ya dubi riƙona, ya murza hannuna na hagu kaɗan, ya ce, "Ɗan'uwa, sassauta. A garinku haka ake shaƙe ƙotar fartanya?" Da na ce a'a, sai ya ce, "To, ita ma haka take so."

Wannan magana ita ce mabuɗin sauran darussan. Duk wanda ya taɓa wuni yana tayar da fangali ya san ba da hannu kaɗai ake sara ba. Manomin da ya ƙware yakan kafa ƙafafu, ya juya ƙugu, ya bar nauyin ƙarfen ya faɗa da kansa, shi ya sa dattijo kan gaji da saurayi a gona. Haka mai faskare yake da gatarinsa, haka mai daka take da taɓaryarta. Lilon sandar golf ma haka ne: nauyin jiki ya koma ƙafar baya, kafaɗa ta juya, sa'an nan ƙugu ya fara warwarewa, hannuwa su biyo baya, kan sanda ya zo daga ƙarshe kamar bakin bulala.

Malamin yakan ba ni gyara ɗaya tak a mako, ba ya ƙarawa. In na koma gida hutu, sai in rataya tsohon gidan sauro a reshen mangwaro bayan an girbe alkama, in yi ta bugu cikinsa da sassafe, sau 50, ina kula da wannan gyaran kaɗai. Yara su taru suna dariya, tsofaffi su wuce suna girgiza kai. Makon farko na kowane gyara bugu yakan ƙara lalacewa, don jiki yana jayayya da sabon abu, kuma a nan ne mutane da yawa ke komawa gidan jiya. Wanda ya daure, wajen mako na uku zai ji ƙarar bugun ta sake, ta zama tas, ƙwallo ta miƙe.

Wani zai ce, ai yanzu ga wayar hannu, mutum ya ɗauki hoton kansa ya gyara. Lalle waya tana nuna abin da ya faru, amma ba ta faɗin mafarinsa. Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Maimaici ba tare da idon gwani ba, karkata yake kafawa. Hatta gwanaye ba su wuce wannan ba. Nick Faldo na Ingila ya riga ya yi suna lokacin da ya miƙa kansa ga malami David Leadbetter a tsakiyar shekarun 1980, ya rushe lilonsa ya sake gini. Ya yi kusan shekara biyu ana cewa ya ƙare, sai ga shi a 1987 ya ci babbar gasar Birtaniya. Ben Hogan na Amurka kuwa, wanda littafinsa na 1957 ya zama jagora ga masu koyo, da ɗaukar jaka ya fara yana ɗan shekara 11.

Abin da nake so 'yan'uwa su duba ke nan. Muna fita daga jami'a da takardar shaida, mu tarar da makaniki, da maƙeri, da manomin da ya san lokacin da fangali ya ƙoshi da ruwa tun kafin ya taka shi. Ilminsu ba shi da shafi, amma yana da ƙa'ida, kuma ba a samunsa sai an rusuna an bari sun murza hannun mutum, kana a koma gefe a yi ta maimaitawa. Injiniyan da zai yi aiki a magudanan Kadawa yana bukatar irin wannan malami kamar yadda mai koyon ƙwallon lambu yake bukatarsa.