Amanar Shekara Tamanin: Tafiyarmu Zuwa Tamale

Bayan rasuwar kakarmu a Maraɗi, da aka zo rabon gado, sai aka buɗe tsohuwar adakar marigayi mijinta. A ƙarƙashin lambobin soja muka tarar da wasiƙu uku na ajami, an naɗe su cikin fata. Ba rubutun kakanmu ba ne. Na wani abokinsa ne mutumin Tamale, wanda suka yi yaƙin Bama tare, ya rubuta wa matarsa a 1944, ajali ya riske shi kafin a aika. Da kakanmu ya dawo a 1946 ya nemi matar, aka ce ta koma ƙauyensu da 'yar jinjirarta. Guzuri ya ƙare, ya kamo hanyar gida. Ba mu ga laifinsa ba, amma malamin da ya raba mana gado ya ce wannan ba dukiyarmu ba ce, amana ce, kuma tana da masu ita.

Saboda rashin tsaro a hanyar Burkina, ta Akara muka zagaya. Daga can mota ta ɗauke mu ta Kumasi, Techiman da Kintampo, kurmi yana raguwa har muka haye kogin Bolta a Buipe da Yapei. Daga nan ƙasa ta buɗe, ga kaɗanya, ga kuka, ga ɗorawa, sai ka ce mun dawo gida. Wannan ce ƙasar da fataken Hausa suka riƙa ratsawa zuwa Salaga neman goro tun kafin zuwan Turawa, kuma goron ne ya fara kai kakanmu can kafin ya ɗauki kakin soja.

Tamale gari ne na Dagwamba, Turawan Ingila suka mai da shi hedikwatar arewacin Gwalkwas a 1907. Abin da ya fara ɗaukar idonmu shi ne babura: tsoho da yaro, har mata da goyo, kowa a kan nasa. A kasuwar Aboabo doya tuli-tuli, man kaɗe cikin ƙore, kuma duk inda muka yi sallama da Hausa sai an amsa. Da safe koko da ƙosai, da dare tuwon zafi, sunayen ma namu ne.

Mun fara da unguwar Nyohini, domin wasiƙa ta farko ta ambaci wurin. A nan aka share filin saukar jiragen yaƙi a ƙarshen 1940, kuma mai wasiƙar yana cikin leburorin da suka sare itatuwansa kafin ya shiga soja. Yau gari ya cinye wurin, filin jirgin sama kuwa ya koma arewa, kan hanyar Bolgatanga. A wancan zamani sararin Afirka ta Yamma ya cika da ƙugin jirage. Tun daga Satumba 1940 ake kawo su cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a harhaɗa, matuƙa su tashi da su ta Legas, Kano, Maiduguri da Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, su bi ta Hartum har Alƙahira. Fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya. Matuƙa da yawa ba su kai ba, kaburburansu na nan a Takoradi da Akara, kowane da dutse mai suna da lamba da ranar mutuwa. Jikan Bature da ke neman kakansa yakan shiga intanet, ya duba rajistar hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, ya same shi cikin minti kaɗan.

Namu neman ya fi haka wuya. Sojan zango sau da yawa da laƙabi ake rubuta shi, a haɗa sunansa da na ƙabilarsa ko garinsu, kamar a ce wane Hausa ko wane Dagwamba. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda suka yi aiki cikinta, ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan, inda babu hanyar mota, abinci da harsashi daga jirgi ake jefo musu. Waɗanda ba a san kabarinsu ba an zana sunayensu a Taukkyan kusa da Yangon, cikin sunaye kusan 27,000. Wa zai kai tsohuwar zango can?

Saboda haka muka bi rajistar da muka sani, wato bakin dattawa. Sarkin Zango ya haɗa mu da liman, liman ya tura mu wurin wani tsohon mahauci, shi kuma ya tuna wata mata da ake kira 'yar soja tun tana yarinya. Kwana huɗu muna wannan yawo, har ɗayanmu ya fara maganar komawa. Abin da ya ƙarfafa mana gwiwa shi ne labarin Isaac Fadoyebo, sojan Najeriya da wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye watanni a Bama bayan an harbe shi a 1944. A 2011 ɗan jarida Barnaby Phillips ya ɗauki wasiƙar godiyarsa har ƙauyen, ya miƙa wa 'ya'yan Shuyiman, shekara guda kafin Fadoyebo ya rasu.

A wani gida mai tsakar siminti muka same ta, ta haura tamanin, idanu sun yi rauni. Muka durƙusa muka ce, “Mma, saƙon mahaifinki muka kawo.” Ta daɗe ba ta ce komai ba, tana shafa fatar da yatsa. Sannan ta ce, “'Ya'yana, ku karanta mini, kada ku tsallake ko harafi.”

Babu labarin jarumta a ciki. Yana tambaya ko yarinyar ta fara tafiya, yana ƙorafin ruwan sama da tsutsar da ke shan jini, yana roƙon a riƙa yi masa addu'a bayan sallar asuba. A wasiƙa ta uku ya ce wani mai goro a kasuwa yana bin sa sule bakwai, in bai dawo ba a biya. Nan Mma ta ɗaga hannu ta tsayar da mu. Ta sa muka maimaita sunan mai goron sau biyu, ta kira jikanta ta ce ya tada babur, ya je Aboabo ya tambayo ko akwai sauran zuriyarsa kafin la'asar.