Yadda Na Koya wa Karena Yin Shiru

Da can a Daudawa, kare na maharba ne da Fulanin ruga. Mu 'yan cikin gari, masu auduga da masara, idan kare ya leƙo zaure jifa ne rabonsa. 'Yan bindiga ne suka sauya mana ra'ayi. Bayan daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, duk wanda ke ƙasar Faskari da Sabuwa ya koma barci da kunne ɗaya a buɗe. Kare ba ya tare harsashi, amma haushinsa kan ba ka 'yan mintunan da za ka tura yara ta bayan katanga.

Ni sai da na nemo hujja tukuna, don ina son a ce malamai sun goya mini baya. Na kuwa samu. Masu sharhin Risala sun kawo labarin mai littafin, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, cewa katangar gidansa ta faɗi a wani lokaci na tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta haka, ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Na riƙe wannan labari gam, ina ba da shi a majalisa ko ba a tambaye ni ba. Na karɓo baƙin ɗan kwikwiyo a hannun wani tsohon maharbi da muke katanga ɗaya da shi, yara suka sa masa suna Duna.

Shekararsa ta farko ba ni da labarinta, don ba ni na rene shi ba. Cikin yara ya tashi. Su ke jefa masa ƙanzo, su ke cire masa kaska a kunne, shi ke raka su ɗibar ruwa. Ni dai ina fita bayan asuba zuwa Funtuwa, inda nake riƙe wa wani ɗan kasuwa lissafin siton hatsi, in dawo dab da magariba, ya tarbe ni a ƙofa yana kaɗa wutsiya, in ture shi da ƙafa saboda alwala.

A Satumbar 2021 gwamnatin Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu. Da aka gama girbi, na kwashe maiɗakina da yara na kai su gidan iyayenta a Funtuwa. Ni ba zan kwana gidan surukai ba, ga masara a sito, ga awaki. Sai gidan ya koma daga ni sai Duna, ko in faɗi gaskiya, daga Duna sai Duna, tun fitowar rana har faɗuwarta.

Nan ya fara abin da na kira iskanci. Ina tayar da babur zai biyo ni da gudu har bakin titi. Na rufe shi a tsakar gida, ya kakkarce ƙyauren zaure, ya yayyaga tabarmar da yara suka bari. Ya haƙa rami a gindin danga ya fice, ya dawo da kazar maƙwabta a baki. Na biya kuɗin kaza, na sayo sarƙa. A majalisa aka ƙara mini ƙarfin gwiwa, wai ai karen da ake ɗaurewa shi ya fi faɗa. Na kafa turke a gindin katangar gabas, na ajiye masa tsohon kwano da ruwa, na zuba ragowar tuwo, na yi tafiyata ina jin na yi dabara.

Sai kuka. Ba haushi ba, irin dogon kukan nan mai tayar da tsikar jiki, wanda tsofaffin mata ke cewa mutuwa yake kira. A garin da kowa ke firgice, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kullum na dawo sai na tarar da ƙorafi tun daga bakin masallaci. In shiga gida raina a ɓace, shi kuma da ya ji motsin ƙofa sai ya miƙe yana haushi yana fizgar sarƙa don murna, ni kuma in ciro tsumagiya in zane shi, ina ce masa ya yi mini shiru. Da daddare ma na daina kwance shi, gajiya ta yi yawa. A hankali haushin ya ragu, har ya ɗauke. Na faɗa wa mutane da bakina cewa kare ya yi hankali.

Azumin 2022 ya faɗo a Afrilu, tsakiyar bazara. Wani dare bayan tarawihi na kwanta kamar gawa. Da na tashi sahur, turken awaki wayam. Ba 'yan bindiga ba ne, ɓarayin gari ne, suka haura katanga, suka buɗe ƙofar zaure daga ciki, suka kora dabbobin suka fita hankali kwance. Sawunsu ya bi ta gaban Duna, tazarar da ba ta fi taku uku ba. Yana kwance, ya sa kai tsakanin ƙafafu, yana kallona ta ƙasan ido.

Ranar ban je aiki ba. Na yanke shawarar ba da shi ga masu bi ƙauyuka suna tara karnuka su kai kasuwar Dawaki ta Jihar Filato. Na san a mazhabarmu ba a cin kuɗin kare, don haka na tsara cewa kyauta zan ba su, su kuma su ba ni na goro. Kun ji irin malantata.

Tsohon maharbin ya shigo jaje da hantsi. Ya saurari duk zagin da na yi wa karen bai ce komai ba. Ya tsuguna, ya sa yatsa a ƙarƙashin sarƙar, ya ɗaga ta kaɗan. Wuyan ya saɓule, gashi ya tafi, ƙudaje na bin wurin.

"Malam, yau kana gida ko?"

"Ina nan, Baba."

"To kafin masu karen su zo, ɗauko kujera ka zauna nan kusa da shi har la'asar. Kada ka gusa inda sarƙarsa ba ta kai ba."

Na ji haushin maganar, amma ba a musu da dattijo. Na zauna.

Abin da na fara gani ƙasa ce. Ya shata da'ira da ƙafafunsa, ta yi santsi ta yi zurfi, daidai tsawon sarƙa, saboda zagaye. Watanni ina wucewa ta gefenta da fitilar waya ban taɓa lura ba. Sai inuwa. Ni da asuba nake ganin wurin, lokacin da katangar gabas ke rufe shi da sanyi. Kafin ƙarfe 11 inuwar ta tsuke ta koma gindin bango. Duna ya bi ta, ya manne da katanga, har ta ƙare. Daga nan rana ce tsirara a kansa har yamma. Ya shiga zagaye. A zagaye na farko sarƙar ta ja kwanon ta kifar, ƙasa ta shanye ruwan nan take, kwanon ya gangara waje da da'irar. Ya miƙa wuya iya ƙarfinsa, bai kai ba. Ashe kullum haka ake yi. Ni kuwa idan na dawo na ga kwano a kife, cewa nake ɓarna ce irin tasa.

Kare ba ya gumi kamar mutum. Da haki yake fitar da zafi, harshe a waje, hakin kuma ruwan jikinsa yake ci. Ina zaune maƙogwarona ya bushe, ina ƙirga sa'o'in da suka rage a sha ruwa, sai na ga ashe tare muke azumin. Ni na yi sahur, ina sa ran lada, kuma wata ɗaya ne. Shi tun kafin a ga wata yake yi.

Wajen azahar ya buɗe baki zai yi kukan nan. Ya ɗaga kai, sai idonsa ya faɗa kaina, ya haɗiye shi. Sautin da ya fito bai fi na ɗan tsako ba. Na ɗaga hannu zan share gumi, ya kwanta ya lafe kunnuwa.

A nan ne lissafin ya fito mini, ni da nake cin abinci da lissafi. Kukan da ake kawo mini ƙara a kansa da rana yake yin sa, ni kuma da magariba nake dukansa. Kare ba ya haɗa dukan yamma da laifin hantsi. Abin da yake yi a daidai lokacin da tsumagiya ta sauka, shi yake ɗauka an hana shi. Me yake yi a lokacin? Haushi, saboda mutum ya taɓa ƙofa ya shigo. Kullum darasi ɗaya nake maimaita masa, ba fashi: idan ka ji an shigo gidan nan, ka rufe bakinka. Ya kuwa koya. Daren da ɓarayi suka zo, abin da na hore shi a kai ya yi, bai kuskure ko kaɗan ba. Na bar jaki ina ta dukan taiki.

Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba, tun ina Islamiyya na san shi. Na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi da takalminsa, shi ma na sani. Dukansu suna cikin Bukhari da Muslim. Wanda ya ba ni izinin ajiye kare shi na riƙa yawo da shi a baki, waɗannan biyun ko sau ɗaya ba su faɗo mini ba sai da rana ta gasa ni a kan kujera.

Yayyaga tabarma da bin babur ma ba iskanci ba ne. Dabba ce da ta tashi cikin hayaniyar yara, rana ɗaya ta wayi gari babu kowa. Ƙungiyoyin kula da dabbobi a Ingila suna ba da shawarar kada a bar kare shi kaɗai fiye da sa'o'i 4. Wanda ke fita neman abinci a ƙasarmu zai yi dariyar wannan, ni ma na yi. Amma nawa yana ninka haka sau uku, a ɗaure, a rana.

Gyaran bai ci kuɗin kazar da na biya ba. Baba ya sa aka binne tsohuwar tukunya har wuya a ƙarƙashin bedin tsakar gida, yadda ba abin da zai kifar da ita. Aka cire sarƙa, aka toshe ramin danga da duwatsu. Malamin dabbobi ya wanke wuyan, ya yi masa allurar rigakafin haukan kare, ya ce a riƙa maimaitawa duk shekara. Ina barin masa ƙashi da wata tsohuwar rigar yara ya kwanta a kai. Na koyi fita ba tare da hayaniya ba, in tura babur har waje kafin in tayar. Babban maganin dai shi ne jikan Baba, wanda ke zuwa da hantsi ya tafi da shi cikin karnukansu, ya dawo da shi da la'asar a gajiye.

Haushin ya daɗe bai dawo ba, da ya dawo kuma a gidan Baba ya fara yin sa. Awaki ba a gan su ba. Maiɗakina har yanzu cewa take mun yi rashin sa'ar kare, rago aka ba mu, ni kuma duk lokacin da ta faɗa sai in ce mata Allah ya kyauta, in sauya zance.