Layin Ƙarshe na Fayil Ɗin

A wata makaranta mai zaman kanta a Kurmin Mashi na yi SIWES ɗina, ba nisa da titin Nnamdi Azikiwe. Aikina shi ne kula da kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanan ɗalibai: sunaye, kuɗin makaranta, makin gwaji da na jarrabawa. Tun makon farko na rubuta ɗan umarni na mysqldump da zai riƙa kwafe komai zuwa filash duk ranar Alhamis da ƙarfe biyu. Har alfahari na yi da shi a littafin rahotona.

Saura kwana huɗu a raba sakamako, kwamfutar ta mutu. Mai gyara ya duba ya ce faifan ciki ya tafi ke nan. Shugabar makarantar ta dube ni ta ce, "Ɗana, akwai matsala?" Na ce, "Ranki ya daɗe, babu komai, ina da kwafi." Wallahi har da murmushi na faɗa.

Na ɗauko laftof ɗina mai XAMPP, na loda fayil ɗin ta phpMyAdmin. Sai ga jan rubutu: kuskure mai lamba 1273, wai bai san utf8mb4_0900_ai_ci ba. Wannan bai tayar min da hankali ba. Tsohuwar kwamfutar MySQL 8 take amfani da shi, XAMPP ɗina kuwa MariaDB ne a ciki, kuma nawa bai san wannan tsarin jera haruffa ba. Na buɗe fayil ɗin, na musanya shi da utf8mb4_general_ci ko'ina, na sake lodawa.

Ya fara tafiya, sai ya tsaya a tsakiya. Na duba, ga teburin ɗalibai, ga na kuɗi, ga na malamai. Na sakamako babu.

Awa uku na yi ina zargin abin da bai yi laifi ba. Na ƙara girman fayil da PHP ke karɓa, na bar phpMyAdmin na koma baƙin allo ina buga umarni da hannu, duk kanwar ja ce. Sai bayan la'asar na yi abin da ya kamata in fara da shi, wato na gangara ƙarshen fayil ɗin. Idan mysqldump ya gama aikinsa lafiya, yakan rufe da layi mai cewa "Dump completed on" da kwanan wata. Nawa a tsakiyar sunan wata yarinya ya yanke.

Nan na gane. Ƙarfe biyu ake tashi, a kashe janareta. Da bayanan ba su da yawa, kwafin kan gama kafin maigadi ya isa wurin injin. Da suka yi yawa, sai ya riga shi. Teburan kuma bi da bi ake kwafe su bisa jerin haruffa, harafin "s" yana can baya. Abin da ya fi ƙona min rai, suna ɗaya na ba fayil ɗin, don haka kowace Alhamis sabon yana shafe tsohon. Ko sau ɗaya ban taɓa gwada mayar da shi ba. Daga baya na karanta cewa kamfanin GitLab ma, a ƙarshen Janairun 2017, ya yi asarar bayanan kusan awa shida saboda hanyoyin ajiyarsa sun ƙi aiki ranar da aka neme su. Bai rage min kunya ba ko kaɗan.

Na koma ofishin Hajiya na faɗa mata gaskiya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, yanzu me za a yi?"

Abin da ya cece ni wani kwafi ne na mako biyar baya, da na taɓa tura wa kaina ta imel don in yi aiki a gida. Shi ya hau lafiya. Sauran makin kuwa, malamai suka kwaso takardunsu na hannu, wasu har da maiƙon ƙosai a jiki. Kwana uku ni da malamin lissafi, yana karantowa ina bugawa, har a kira isha'i. Makin gwaji na biyu na aji huɗu ba a samu takardar ba, sai da yaran suka sake rubutawa ranar Laraba. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya a tagar ofis ya tambaye ni, "Kawu, wai kai ne ka ɓatar mana da maki?"

Na ce masa eh, ni ne.