Hutun Amarci a Tafkin Bolta: Abin da Ma'auratan Moshi Zango Ya Kamata Su Sani

A kowace shekara, da hunturu ya buso a watan Disamba, sai ka ga bukukuwan aure sun yawaita a Moshi Zango da sauran zangunan Kumasi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: makarantu na hutu, ma'aikatu kan rufe a ranakun 25 da 26 ga wata saboda Kirsimeti, wanda Tonawa ke kira Buronya, 'yan uwa mazauna Turai da Amurka kuma kan dawo gida. Yanzu wasu matasa kan so, bayan an kai amarya, su ɗauke ta su tafi wani wuri su huta kwana biyu ko uku. Daga cikin wuraren da aka fi ambata akwai yawon jirgin ruwa a Tafkin Bolta.

Mai barin Kumasi zai bi ta Konongo da Nkawkaw, ya karkata a Bunso zuwa Koforidua, daga nan Somanya da Kpong, har ya isa Atimpoku, inda gadar Adomi da aka buɗe a 1957 ta haye kogin. A bakin hanyar nan mata ke tallan abolo da soyayyun ƙananan kifaye. Akosombo na gaba kaɗan, a tsakanin duwatsu masu duhun itatuwa. Can ne aka datse kogin Bolta, aka gama aikin a 1965, Shugaba Kwame Nkrumah ya ƙaddamar da shi a watan Janairun 1966. Ruwan da ya taru a bayan madatsar ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 8,500, abin da ya sa tafkin ya shiga sahun mafi faɗi cikin tafkunan da ɗan Adam ya haƙa ko ya datse a duniya.

Jirgin da ya yi suna wajen yawon shaƙatawa a nan shi ne Dodi Princess, mai tashi daga Akosombo da safe zuwa tsibirin Dodi, ya komo da yamma. Na farkon ya ƙone a 2012, daga baya aka maye gurbinsa da Dodi Princess II. Tafiya ce ta wuni guda, ba a kwana a cikin jirgi. A lokacin hunturu hazo kan lulluɓe ruwan har a kasa gane inda tafki ya ƙare da inda sama ta soma, sai dai jefi-jefi kwalekwalen masunta ya ɓullo ya wuce.

Ga ɗan zango, wannan ruwa yana ɗauke da tarihin gidansu. Kafin a yi tafkin, fataken goro daga Kano da Katsina da Sakkwato kan yi watanni a hanya bayan madugu, su sauka a Salaga cikin ƙasar Gwanja, su sayi goron da aka ɗauko daga dazuzzukan Tonawa. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, Hausawa da yawa suka koma Kete-Krachi da Yeji, wasu kuma daga bisani suka gangaro Kumasi. A Kete-Krachi ne mashahurin malami Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa yana rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausa, har ya rasu a 1934. Tsohon garin nan ruwa ya ci shi lokacin da tafkin ya cika, kamar yadda ya tashi mutane wajen 80,000 daga ɗaruruwan ƙauyuka, aka sake tsugunar da su a sababbin matsugunai 52. Jirgin Dodi ba ya kaiwa Krachi, domin tana can arewa da nisa, amma ruwan ɗaya ne. Angon da ya ba amaryarsa wannan labari a saman jirgi ya ba ta abin da ya fi hoto daɗewa.

To, sai batun lokaci. Makon Kirsimeti shi ne lokacin da kowa ke fita, don haka masaukai kan cika, farashi kan tashi, hanya kan cunkushe. Irin wannan jirgi na kowa da kowa ne, akwai kaɗe-kaɗe da raye-raye, ana kuma sayar da giya ga mai so. Maƙwabtanmu Kirista na murnar bikinsu, haƙƙinsu ne, mun kuwa daɗe muna zaman mutunci da su. Amma sababbin ma'aurata da ke neman natsuwa don su fahimci juna, ba lalle su same ta a ranar 26 ga Disamba ba. Wanda ya iya jinkirtawa zuwa tsakiyar Janairu zai tarar da hunturun bai tafi ba, jama'a kuwa sun ragu. A dai tuntuɓi masu jirgin tun da wuri a ji ranakun tashinsa, kuma a tambayi irin naman da ake dafawa. Idan an yi shakka, kifi ya wadatar. A tafi da darduma. Nisan Kumasi da Akosombo ya haura na kasaru, Azahar kuma za ta riski matafiya a kan ruwa.

Abu na biyu shi ne tsaron rai. Ba a sare dazuzzukan da tafkin ya haɗiye ba, kututturan itatuwa na nan a ƙarƙashin ruwa, kuma sun sha fasa kwalekwalen da aka yi wa lodi fiye da kima, rayuka suka salwanta. Kada zumuɗi ko neman araha ya sa ango ya saka 'yar mutane a jirgin da ba shi da rigar ceto. A nemi rigar, a kuma sa ta tun kafin a bar gaɓa.

Na uku shi ne aljihu. Ango ya fito daga hidimar lefe da sadaki da walima, ga kuɗin haya na jiran sa a Janairu. Hutun da aka yi da bashi, ɗacinsa kan biyo ma'aurata har ɗaki. Wanda ƙarfinsa bai kai Akosombo ba, ga Tafkin Bosomtwe kusa da gida, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi. Rami ne da wani dutse daga sararin samaniya ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, ruwa ya cika shi. A garin Abono ana shiga ƙaramin jirgi a zaga, a ga masunta zaune kan gungumen katako suna tuƙi da hannu, a kuma kwana a gida. Shi ma yakan cika maƙil a ranakun biki, sai a zaɓi ranar aiki.

Ku kuma iyaye, idan yaran sun nemi izini, ku tambaye su inda za su sauka da ranar dawowa, ku sa musu albarka. Allah ya kai su lafiya, ya dawo da su lafiya, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, amin.