Jifan da Ya Shiga Raga

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da aka ce in rubuta abin da ba zan manta da shi ba a shekaru shida da na yi a makarantar nan, na so in ba da labarin kyautar da na ci a gasar muhawara. Amma da na zauna da biro a hannu, sai wani abu dabam ya yi ta dawo mini, abin da har yau nake jin kunyarsa.

Ina aji huɗu aka yi wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa tsakanin gidaje, kuma gidanmu ne ya kai. Malamin wasanni ya yi tafiya, sai ya bar wa wani ɗan aji shida usur, mutum mai natsuwa wanda ke riƙe kuɗin ƙungiyar wasanni. Saura minti biyar a tashi, ana ɗaya da ɗaya, ƙwallo ta fita kusa da kusurwarsu. Wani dogo a cikinmu ya ɗauka ya yi jifa da dukan ƙarfinsa. Iskar hunturu ta taimaka, ƙwallo ta wuce kan kowa, mai tsaron gida ya yi tsalle bai taɓa ta ba, ta faɗa raga. Muna cikin ihu da tsalle sai alƙalin wasa ya busa, ya ce babu ci, mai tsaron gida ya buga. Daga baya suka cinye mu a bugun fenariti.

A daren nan, cikin ɗakin kwana, na ce, "Ai sayensa aka yi, da burodi da gwangwanin sadin." Ban ga komai ba, ba wanda ya gaya mini komai. Baƙin ciki ne kawai. Aka yi dariya, ni ma na ji daɗi. Kafin mako ya ƙare, gwangwani ɗaya ya zama katan, har wasu na rantsuwa sun ga lokacin da aka miƙa masa. Ƙananan yara suka laƙaba masa suna Sadin. Wasu suka ce a karɓe kuɗin ƙungiya daga hannunsa. Ya daina shiga ɗakin cin abinci sai kowa ya watse.

Da Malam ya dawo, ya tara mu a gindin darbejiya, riƙe da ɗan ƙaramin littafi. Ya ce dokokin ƙwallon ƙafa 17 ne, kuma hukumar da ke tsara su, wato IFAB, tun 1886 aka kafa ta. Ya buɗe doka ta 15, ya bayyana mana cewa ba a cin ƙwallo kai tsaye daga jifa. In ta shiga ragar abokan hamayya ba tare da ta taɓa kowa ba, bugun mai tsaron gida ne. Da yatsan golan ya shafe ta, da mun ci. Ashe duk cikinmu mutum ɗaya ne ya san dokar, kuma shi muka mai da ɓarawo.

Sai Malam ya tambaya, "Wa ya fara faɗin maganar sadin?" Wannan ya nuna wancan, wancan ya nuna wani, har yatsa ya tsaya a kaina. Na ce, "Malam, wasa nake yi." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, da a waje ka yi wannan wasan, da alƙali na gaske za ka haɗu."

A ranar na fara sanin cewa ɓata suna laifi ne a shari'a. Dokar Final Kot da aka fara aiki da ita a Arewacin Nijeriya a 1960 ta bayyana shi a sashe na 391, sashe na 392 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Wanda aka ɓata yana kuma iya kai ƙara ya nemi diyya. Da na ce alƙalin wasa ya yi kuskure, wannan ra'ayi ne, kowa na iya faɗin nasa. Amma cewa ya karɓi cin hanci zargi ne, kuma wanda ya yi zargi shi zai kawo shaida.

Ran Litinin na tsaya gaban taron makaranta, ƙafafuna na rawa, na ce ƙarya na yi. Bayan an tashi na same shi na ce, "Yaya, ka gafarta mini." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ba komai, ƙanena." Aka bar masa kuɗin ƙungiya. Amma sunan nan bai bar shi ba. Har ranar da ya ɗauki akwatinsa ya fita, na ji wani ɗan aji ɗaya, wanda bai ma san asalin labarin ba, yana kiransa da shi. Hausawa suka ce magana zarar bunu ce.

Ku ƙannena da za mu bari, wasan gidaje na nan tafe, kuma wani daga cikinku zai riƙe usur. In ya busa abin da bai yi muku daɗi ba, ku je ofishin wasanni ku ari littafin nan kafin ku koma ɗakin kwana. Allah ya ba mai rabo sa'a.