Lambun da Ba a Korar Tsutsa

Ɗan'uwa, ka san yadda muke jin labarin Amurka, wai ƙasar ƙanƙara ce. To, da na sauka a Mayami, can ƙurewar kudancin jihar Fulorida, zafi ne ya tarbe ni, mai danshi, irin wanda riga ke manne wa mutum a baya. Rigar sanyin da na sha wahalar ɗaukowa ko fitowa daga jaka ba ta yi ba.

Kashegari mai masaukina ya ja ni a mota muka yi arewa, muka wuce Fort Lauderdale, sai wani gari da ake kira Coconut Creek. A nan Butterfly World yake, gidan da wani mutum mai suna Ronald Boender ya buɗe a 1988 don kiwon malam-buɗe-littafi. Har da kuɗin shiga! Na biya ina gunaguni, amma da muka shiga rumfar raga sai bakina ya mutu. Ga su nan birjik, wani ya sauka a hular mai masaukina ya yi zamansa.

Furen da suka fi yi wa dafifi shi ne pentas. Ƙananan furanni ne cure a kan reshe ɗaya, kowanne da ƙafa biyar kamar tauraro, wani ja, wani fari, wani ruwan hoda. Ƙarƙashin kowane tauraro akwai siririn bututu, cikinsa ruwan zaƙi. Na tsuguna ina kallon wani mai baƙin fiffike da ratsin rawaya, wanda jihar ta ɗauka tambarinta, yana warware dogon bakinsa da ke nannaɗe, ya zura a bututun, ya janye, ya matsa na gaba. Da aka ce mini asalin furen daga gabashin Afirka ne zuwa Yaman, kuma dangin itacen gahawa ne, sai kunya ta kama ni. Ɗan nahiyarmu, amma sai da na ƙetare teku muka gaisa.

Karatun gaske a gidan wata dattijuwa maƙwabciyar mai masaukina na same shi. Ta ce pentas rana yake so, kamar awa 6 a yini, da ƙasar da ba ta riƙe ruwa, don in saiwarsa ta kwana cikin caɓi ruɓewa take yi. In curin fure ya bushe sai ta tsinke shi, wani ya tofo. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, ba a binne shi, haske yake bukata kafin ya tsiro, shi ya sa ta fi son ta yanki reshe ta dasa. A nan kudu yana shekara yana fure. A jihohin arewa sanyi ke kashe shi, sai an sake shuka.

Na nuna mata wani da aka cinye wa ganye, na ce, "Mama, ba kya feshi ne?" Ta yi dariya ta ɗaga ganyen. Ga wata ƙatuwar koriyar tsutsa mai zanen idanu a gadon baya. Ta ce wannan ce za ta zama ƙwaron da ke shan furen da dare, kuma maganin da zai kashe ta ba zai bar ƙudan zuma ba.

A ƙarshen lambun kuma me zan gani? 'Yar'uwar tumfafiya, an kewaye ta ana ban ruwa! Ita ce abincin tsutsar wani malam-buɗe-littafi mai ruwan lemo. Abin da muke sarewa a bakin gona, nan da kuɗi ake sayensa. Da na gaya mata a wajenmu ko akuya ba ta cika kula ta ba, sai ta ɗauko takarda da biro, ta ce in faɗa mata duk abin da na sani game da ita. Rannan dai ni ma na yi malanta.